Agogon Ranau

Kafin rana ta leƙo kan Jiratawa,
roba da sanyi, ƙarfe na barci,
nakan durƙusa gindin babbar taya,
in kwance hular bawul da yatsa biyu,
in sa ta a baki don kada yashi ya haɗiye ta.

Agogon iskar na Ranau ne.
Gilashin ya tsage tun ban san shi ba,
allurar sai ta yi rawa kafin ta tsaya,
kamar dattijo yana laluben suna.

Shi ya ce mani: «Awo da asuba, Tsahiru.
Tayar da ta sha rana maƙaryaciya ce.
Za ta cika baki, ka rage mata,
dare na yi ka iske ta kwance.»

Da kunne ɗaya na ji.
Daminar da Alhaji Barmo ya damƙa mani makulli
na tsaya wurin mai faci, bakin tashar Maradi,
na ce: ɗura, ƙara, ƙara dai!
Kilo biyu har da ɗori.
Na ƙwanƙwasa, ta amsa kamar ganga.
Bisa kwalta kuwa sai ka ce angon doki,
ina ɗaga wa masu amalanke hannu.

Gonar Tabawa ce ta fara karɓa ta.
An sha ruwa shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi.
Na sauke garma, taya ta hau juyi wuri guda,
tana tono, tana watsa laka baya,
inji na kuka, gazuwal na tafiya hayaƙi.
Na gama dai. Na karɓi kuɗi.

Sai da gero ya kai gwiwa asiri ya tonu:
layi biyu, layi biyu, tun daga gawo har bakin rijiya,
shuka ta tsugune, ta yi ɗorawa,
ruwa na kwana inda na taka.
Tabawa ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce: «Yaro, huɗa na biya,
kai kuwa daɓe ka yi mani.»

Ranau ya ja ni gefe, ya zaro ƙusa a aljihu,
ya danna bawul. Iska ta yi tsaki,
dogon tsaki, kamar da ni take.
«Ka taɓa duba sawun raƙumi?
Buɗe tafi yake, ya raba nauyi,
yashi bai ma san an wuce ba.
Sunkuya, ƙirga haƙoran da suka ciji ƙasa.»
Na ce biyu.
Ya ƙara dannawa. Na ce uku.
Ya ɗora agogo: kilo ɗaya da ɗan motsi.

«Kada kuma ka ce ragi ne hikima.
In ta yi yaushi, gefe zai yamutse,
janti ya tauna ta, bawul ya tsinke,
kuɗinta kuwa sai an kai sa kasuwa.
Garma mai nauyi, ƙara mata.
Za ka hau kwalta, ƙara mata.
Ta dama da ta hagu su zama Hasan da Usaini,
in ba haka ba kunyarka ta karkace.»

Bara, gab da girbi, Ranau ya cika.
Matarsa ta aiko da agogon cikin safa ɗaya.

Yau Nomau, yaron da nake koya wa,
ya zo yana hamma, ya hauri taya da silifa,
ya ce: «Ta yi, maigida.»
Hular bawul na bakina, ban iya faɗa ba.
Na miƙa masa agogon,
na nuna masa ƙasa.